Ɗaliba ta Takwas

Shekara talatin da ɗaya ina zaune a tebur ɗaya a ofishin magajin garin Serravento, kuma aikina bai wuce in ɗaga hannu in sauke ba. Takarda ta zo, in buga mata hatimi, in ba ta lamba da kwanan wata, in yaga wa mai ita 'yar shaida ya tafi. Kada ku raina aikin. A ƙasar nan takardar da ba ta sha hatimi ba, ba a rubuta ta ba ke nan, ko da bishop ne ya sa mata hannu. Mutum na iya mutuwa ranar Litinin, amma in ban buga ba sai Alhamis, to har Alhamis yana nan da ransa.

Sunana Filomena. Ban yi aure ba, ban haihu ba, kuma kowa a garin ya fi ni damuwa da hakan.

Wata safiya a watan Yuli Liborio ya shigo da hularsa a hannu ɗaya, curin cuku naɗe cikin tsumma a ɗayan. Shi ne makiyayi na ƙarshe da ya rage mana, a garin da hoton rago ne a tutarsa, a ƙofar ofishinmu, har ma a jikin hatimin nan nawa. Matarsa Adelina ƙawata ce tun muna yara. Ta rasu 'yarsu Gilda tana shekara uku, kuma ni na riƙe Gilda ranar baftisma. Tun ranar nake kiransa kompare, yana kirana komare. A wajenmu wannan ta fi zumuncin ciki ɗaya nauyi. Ɗan'uwanka kana iya maka shi a kotu kan bishiyar zaitun guda, mutane su ce hakkinka ne. Amma komare ba a yi mata musu, ba a bin bayan maganarta, ba a neman shaida a hannunta.

"Komare, an tashi lafiya?"

"Da lafiya na tashi, kafin ka shigo mini da warin tumaki. Ajiye cukun can nesa da takardun gwamnati."

"Ai gwamnatin ce ke fara cinye shi," ya ce, yana dariya. Sannan ya zaro takarda daga cikin rigarsa, ya shimfiɗa ta a gabana, ya shafe ta da tafin hannu.

Maganar a bayyane take. Kowace shekara ranar bikin coci na San Michele, ƙarshen Satumba, Liborio yana sauka da garkensa filayen Puglia, don ƙanƙara tana rufe mana ciyawa har watan Mayu. Da, Gilda wajen kakarta take zama. Tsohuwar ta rasu lokacin Ista. Inda yake kiwo kuwa, makaranta mafi kusa tafiyar awa guda ce a hanyar da ko jaki sai an lallashe shi. Shi kuma yana da takardar kammala makarantar aikin gona, wadda rabin 'yan majalisar garinmu ba su da irinta. Don haka ya rubuta cewa bana shi zai koyar da 'yarsa da kansa, in watan Yuni ya yi ya kawo ta ta zauna jarrabawa kamar kowa.

"Shekararta tara, komare. Uwa babu, kaka babu. In tafi in bar ta wata takwas? Ban iya ba."

Na karanta takardar sau biyu, ban sami inda zan kama ba. Na san dokar kamar yadda na san hanyar gidana. Ba ta ce a nemi izinin kowa ba. Uba zai sanar da shugabar makaranta da magajin gari a rubuce, ya nuna yana da ilimin koyarwa ko halin ɗaukar mai koyarwa, yaro ya zauna jarrabawa ƙarshen shekara, shi ke nan. Shugabar makarantun yankinmu tana can wani gari a kwari, kuma duk takardar da za ta je mata daga dutsen nan ta teburina take bi. Abin da ya rage kawai in ɗaga hannu in sauke.

Hannuna har ya kai kan hatimin, sai na tuna da lissafin da duk garin ya haddace. Yaran makarantarmu takwas ne cif. In suka koma bakwai, a rufe ta.

"Bar ta nan, kompare. Zan kula da ita."

"Na gode, komare."

Ya sa hularsa ya fita. Da baƙo ne daga Milano, da ya tsaya a kaina sai ya ga lamba da kwanan wata, ya karɓi shaidarsa, wataƙila ma ya ɗauki hotonta da waya. Liborio bai ko kalli hatimin ba. Kallonsa ma ai cin fuska ne.

Kafin azahar magana ta kai kunnen magajin gari, don a Serravento ko atishawa ka yi a gidanka sai a yi maka sannu a kasuwa. Amilcare, magajin garin namu, ya ci zaɓe sau biyu da alkawari guda, wai muddin yana numfashi ba za a rufe makarantar garin nan ba. Jikokinsa biyu dai a birnin Campobasso suke karatu, amma wannan saboda lafiyarsu ne. Iskar dutse ba ta karɓe su ba, sai lokacin hutu.

Ya leƙo daga ofishinsa, ya yi ƙasa da murya.

"Filomè, takardar mai tumakin nan ta shigo?"

"Ga ta a kan teburina."

"Ban tambaye ki inda take ba. Na ce ta shigo?"

Na kalli kusurwar takardar, fara fat. "Ba ta shigo ba, ranka ya daɗe."

"Madalla. To ta ɗan huta a aljihun tebur. Abu irin wannan ba a yi masa gaggawa, makomar yarinya ce." Ya juya kamar zai tafi, sai ya waigo. "Ita yarinyar ma, ai ba marainiyar da ba ta da kowa ba ce. Tana da komare mai gida ɗaki uku, ita kaɗai a ciki."

Zan so in ce magajin gari ne ya tilasta mini. Ƙarya ne. Tun Liborio yana tsaye a gabana na riga na hango Gilda a ɗakin da ke kallon coci, na hango kaina ina gyara mata gashi da safe, ina yi mata faɗa kan ta ƙi cin miya. Wata takwas da yarinya a gidana! Na jefa takardar a aljihun tebur, na tura shi da gwiwa. Ranar Asabar na sauka kwari na sayo bargo mai ruwan ɗorawa.

Watan Agusta ba a aiki a ƙasar nan, ko gobara sai ta jira Satumba. Muka yi bikin makiyaya na shekara-shekara, baƙi suka zo daga birni suna ɗaukar hoton tumakin Liborio, Amilcare ya sa ɗamararsa mai launin tuta ya yi jawabin minti arba'in kan yadda kiwo yake cikin jininmu. Shi da ba ya taɓa tunkiya sai an gasa ta. Liborio ya tare ni a bakin rumfar gasa nama.

"Komare, ya maganar takarda?"

"Tana bin hanya, kompare. Ka san gwamnati."

"Na sani," ya ce, ya miƙo mini tsire.

A makon farko na Satumba Amilcare ya haifi wani abu da ya raɗa wa suna Kwamitin Tantance Karatun Gida. Ba a taɓa jin irinsa a doka ba, amma an buga sunan a takarda mai tambarin rago, don haka ya wanzu. Mambobi uku ne: shi kansa, da Malama Ornella wadda ke koyar da ajujuwa biyar a ɗaki ɗaya kuma aikinta ya rataya a kan lambar nan takwas, da ni mai rubuta abin da aka ce. Ka ga kwamiti na masu adalci, babu wanda yake da abin da zai rasa.

Liborio ya zo da kwat ɗin da ya sa ranar jana'izar matarsa, da cuku uku, kowa nasa. Gilda tana gefensa da jakar littattafai. Muka karɓi cukun tukuna, sannan aka buɗe zama.

Amilcare ya yi gyaran murya. "Liborio, wannan makarantar taka, tana da ƙofar gudun gobara?"

"Ɗaki ɗaya ne, ranka ya daɗe, ƙofa ɗaya. In wuta ta tashi ta nan za mu fita."

"A rubuta: babu. Tukunyar kashe wuta fa?"

"Akwai rijiya."

"A rubuta: babu. Ƙararrawa?"

"Ɗari huɗu da goma sha biyu," in ji Gilda. "A wuyan kowace tunkiya."

Dariya ta kusa ƙwace mini, na mayar da ita tari. Malama Ornella ta sha mur, ta gyara tabarau.

"Ni abin da ya dame ni shi ne zama da jama'a. Yaro yana bukatar sa'o'insa. Da wa za ta yi wasa, da karnuka?"

"Malama, ni kaɗai ce a aji huɗu," Gilda ta ce. "Ranar da kike koya wa 'yan aji ɗaya baƙaƙe, ni kike sawa in riƙa zubar da bokitin da rufi ke yoyo a ciki."

"Wannan koyon ɗaukar nauyi ne," in ji Malama Ornella. Na rubuta haka.

Aka tambayi Liborio yadda zai koyar da Turanci, ya ce akwai littafi da faifai. Aka tambaye shi tsayin teburin karatu. Aka tambaye shi ko yana da jadawalin motsa jiki, ga mutumin da 'yarsa ke bin garke tun tana shekara biyar. Ya amsa duka da ladabi, ya fito da littattafan da ya saya, da jadawalin da ya zana da biro a bayan kalanda, lissafi da safe bayan tatsa, tarihi da rana lokacin da tumaki suka kwanta. Gumi yana bin wuyan kwat ɗinsa. Na ga yadda ya ɗauki abin da gaske, kuma a nan ne na fara jin kunya, amma ba ta kai ta sa in buɗe baki ba.

Daga ƙarshe Amilcare ya haɗa yatsunsa, ya sanar da hukunci. Lamarin yana da girma, kwamiti zai rubuta wa hukumar ilimi ta yanki ya nemi haske. Kafin amsa ta zo, babu izini.

"Yaushe amsar za ta zo? San Michele saura mako uku."

"Wannan kuma sai su. Amma bari in faɗa maka a matsayin ɗan'uwa. In ka ɗauke ta babu izini, dole in sanar da 'yan sanda da ma'aikatan jin daɗin yara. Ba son raina ba ne, doka ce. Su kuma ka san su. Su zo su tarar da namiji shi kaɗai da 'yar shekara tara a bukka cikin tumaki, ba ta zuwa makaranta... ni dai ba zan so a ɗauke maka ita ba."

Fuskar Liborio ta canja. Bai kalli magajin gari ba, ni ya juyo ya kalla.

"Komare, haka dokar take?"

Kalma ɗaya ta isa. Na dubi littafin da nake rubutu a ciki na ce, "Abin yana da sarƙaƙiya, kompare." Sannan na ƙara da muryar da na daɗe ina gwadawa a gaban madubi, "Ka bar ta wajena mana. Ɗaki yana nan, har bargo na saya."

Gilda ta kama hannun ubanta. "Ni wajen Baba zan zauna."

"Za ki saba, 'yata," na ce.

Ranar San Michele manyan motoci uku suka hau dutse tun da hantsi. Na shimfiɗa bargon, na dafa taliya da miyar da Gilda take so, na fita dandali kamar kowa don a yi sallama. Aka loda tumaki hawa-hawa, suna ta kuka, manyan fararen karnukan Liborio biyu suka bi su. Sai na lura motocin ba waɗanda Liborio ya saba haya ba ne, kuma wani mutum mai tumbi daga garin Foggia, can Puglia, shi ke ba da umarni. Gilda ta hau ta kwance ƙararrawar wuyan babban ragon, ta sauko da ita a ƙirjinta. Mutumin ya miƙa wa Liborio hannu, suka gaisa. Motoci suka tashi. Liborio yana nan tsaye.

"Kompare, motocin sun tafi sun bar ka!" na ce.

"Na sayar, komare."

"Ka sayar da me?"

"Duka. Har karnukan, don ba za su zauna babu su ba." Ya share fuska da hularsa. "Ba zan bar ta ba, kuma ba zan bari a ɗauke ta ba. Na gode da ɗakin. Kin yi iya ƙoƙarinki."

Garken nan kakansa ne ya fara shi. Na koma gida na zauna gaban tukunyar taliya har ta sandare.

An ceci makaranta, jama'a. Jaridar yanki ta buga hoton Amilcare a tsakiyar yara takwas, hannuwansa a buɗe kamar shi ya haife su. Gilda tana ƙarshen layi, ta ci gaba da zubar da bokiti. Liborio kuwa ya koma zaman shagon kofi na dandali tun safe, hannuwansa a kan tebur, bai san inda zai sa su ba. Mutumin da bai taɓa zama wuri ɗaya minti goma ba. In na wuce sai ya miƙe ya ce, "Komare, zo ki sha kofi," ni kuma in ce ina sauri. Majalisa ta zauna kan yadda za a yi bikin makiyaya na baɗi, aka amince za a yi hayar tumaki ashirin daga wani gari, na rana ɗaya.

A tsakiyar Nuwamba mai tumbin nan ya kira Liborio a waya. Tumaki sun fara haihuwa, ma'aikatansa ba su san kansu ba, 'ya'ya suna mutuwa. Liborio ya sauka na kwana uku. A can ne, suna cin abinci, ya ba mutumin labarin kwamiti da izinin da bai fito ba. Mutumin ya ajiye cokali ya ce wane irin izini, ƙanwarsa 'ya'ya uku take koyarwa a gida, wasiƙa kawai take aikawa kowace shekara. A hanyar dawowa Liborio ya tsaya ofishin shugabar makarantu a kwari. Suka duba masa rajista daga Yuli har ranar. Babu takardarsa.

Duk wannan daga baya na ji. Abin da na gani shi ne, ranar Talata da safe ya shigo ofis, hularsa a kansa, hannunsa babu cuku.

"Ina son takardar da na kawo watan Yuli."

"Kompare, zauna mana, bari in..."

"Takardar."

Ƙofar ofishin Amilcare ta ɗan buɗe, ido ɗaya ya leƙo, ta koma ta rufe a hankali. Jarumin makaranta yana da aiki mai muhimmanci a ciki.

Na jawo aljihun tebur. Tana nan ƙarƙashin kwalin biskit, yadda ya shafe ta da tafin hannu. Ya karɓa, ya duba kusurwar sama inda hatimi yake zama, ya juya bayanta ko a can na buga. Ya daɗe yana kallon farar takardar. Na so ya yi ihu, ya zage ni, ya kifar da teburin, da na ji sauƙi. Ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu.

"Kin san dokar?"

"Na sani."

"Tun ranar?"

"Tun ranar."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya zaro wata takarda ya ajiye a gabana. Ta neman sauya wa Gilda makaranta ce, zuwa wani gari kusa da Foggia. Mai tumbin ya ɗauke shi aiki, zai riƙa kiwon tumakin da suka kasance nasa, a biya shi a wata. An ba shi ɗaki a cikin gari, motar makaranta tana tsayawa a ƙofar gidan. Ba za su dawo a watan Mayu ba, don ma'aikaci ba shi ke zaɓar inda garke zai yi bazara ba.

"Saura bakwai ke nan," na ce.

"Ke kika iya lissafi."

"Ina Gilda?"

"Tana mota. Na ce ta shigo ta yi miki sallama, ta ce a nan za ta jira."

Na leƙa ta taga. Tana zaune a gaban tsohuwar motarsa, kaya ɗaure a sama, ƙararrawar ragon a cinyarta. Ba ta ɗago ba. Na juyo, idona ya cika, na ce, "Bar ta nan, kompare, zan..."

"A'a, Malama Filomena. Ki buga yanzu, ina tsaye. Ki ba ni shaida."

Na ɗaga hannu na sauke. Ragon ya fito raɗau a kusurwar takardar. Na rubuta lamba da kwanan wata, na yaga shaidar na miƙa masa. Ya karanta lambar a hankali, ya ɗaga kai ya gwada kwanan watan da kalandar da ke bango, sannan ya sa ta a aljihu ya fita.